Taswirar kwamfuta da filayenmu: me ake nufi da a sa jama'a tun wajen tsarawa?

A Gombe yanzu in ana hirar fili ko gida, a majalisa ne ko wajen dillalai, da wuya a tashi ba a ambaci GOGIS ba, wato hukumar da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. A Bauchi ma akwai irinta, BAGIS. Mutane da yawa dai har yau ba su gama fahimtar abin ba, wani ya ɗauka sabon haraji ne kawai aka sake wa suna, wani yana tsoron takardar da mahaifinsa ya bar masa ta mutu kenan, wani kuma gani yake ai taswirar Google ce da ke cikin wayarsa, to menene na kafa mata ofis. Ana cikin wannan kuma sai ka ji masana na cewa irin wannan tsari ba ya ɗorewa sai an sa masu amfani da shi tun lokacin da ake tsara shi. Su waye masu amfanin, kuma ta yaya mutumin da bai san kwamfuta ba zai sa baki a aikin kwamfuta?

GIS ɗin ma mene ne

GIS shi ne tsarin da hukumomi irin GOGIS da BAGIS ke aiki da shi, a taƙaice taswira ce da aka haɗa ta da rumbun bayanai. Taswirar takarda za ta nuna maka ga Jekadafari, ga Pantami, ga hanyar Biu, shi kenan ta gama aikinta. Ita kuwa wannan, in ka taɓa wani fili a kan allo sai ta buɗe maka shafinsa, girmansa nawa, sunan wa ke kai, wurin zama ne ko na kasuwanci, an biya kuɗin ƙasa ko ba a biya ba. Kuma bayanan hawa-hawa ake jera su kamar ka ɗora ledoji masu haske ɗaya kan ɗaya, na ƙasa hoton gari ne da tauraron ɗan'adam ko jirgi ya ɗauka daga sama, a kansa a ɗora hanyoyi, a ɗora iyakokin filaye, a ɗora magudanan ruwa da kwaruruka, makarantu, asibitoci, duk abin da ake buƙata. Amfanin jera su haka shi ne kana iya yi wa na'urar tambaya ta ba ka amsa nan take, misali gidaje nawa ne ke kusa da bakin kwari da zaizayar ƙasa za ta iya ci, tambayar da duk mazaunin Gombe ya san ba ta wasa ba ce.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A Kanada aka fara gina irinsa a shekarun 1960 ƙarƙashin wani masani Roger Tomlinson, don lissafin ƙasar noma da dazuka. A Najeriya wanda ya yi fice shi ne AGIS na Abuja da aka kafa a 2003 lokacin Nasir El-Rufai yana ministan birnin tarayya, daga baya Nasarawa da Kaduna da Kano da sauran jihohi suka kafa nasu. Dalilan kusan iri ɗaya ne ko'ina, fayil na ɓacewa, ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, samun C of O, wato takardar shaidar haƙƙin fili daga gwamnati, na ɗaukar shekaru, sannan jihohi na neman kuɗin shiga banda kason Abuja. Gombe kuma tana da nata ƙarin dalilin, tun da aka cire ta daga Bauchi a 1996 garin ke faɗaɗa ba kakkautawa, ga mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa, har gine-gine suka tsallaka cikin ƙaramar hukumar Akko ta wajen Tumfure, gonakin jiya sun zama fulotai.

Su waye masu amfani, kuma sa su a tsari me yake nufi

Masu amfani ba mutum iri ɗaya ba ne. Akwai na cikin ofis, ma'aikacin da ke karɓar fom, safiyo, mai tsara gari, mai lissafin kuɗin ƙasa. Akwai masu zuwa daga waje da buƙatarsu, lauya, banki, alƙalin da ake rabon gado a gabansa, dillali. Sai kuma mafi yawa, waɗanda wataƙila har abada ba za su taɓa kwamfutar ba amma abin da aka rubuta a cikinta zai shafi dukiyarsu, mai gida, manomi, makiyayi, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a gida.

Shi kuma sa su a tsari mataki-mataki ne, kuma a nan ake yawan cakuɗa magana. In an gama gina komai sannan aka shiga rediyo aka ce kowa ya kawo takardunsa, wannan sanarwa ce. In an tara hakimai da shugabannin ƙungiyoyi a ɗakin taro aka ji ra'ayinsu, wannan tuntuɓa ce, ta fi ta farko. Amma abin da masanan ke nufi ya wuce nan, shi ne tun kafin a rubuta manhajar a zauna da mutanen a ga yadda suke aikinsu a zahiri, a zana fom ɗin gwaji ko a takarda ne a ba su su cika, a ga inda suka tsaya suna tambaya, a gyara, a sake gwadawa a unguwa ɗaya kafin a baza wa jiha gaba ɗaya. Asalin wannan tunani daga Norway da Sweden da Denmark ya fito a shekarun 1970, lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago suka dage cewa ma'aikaci na da haƙƙin sa baki a kan kwamfutar da za a kawo ta canza masa aiki.

Inda idon tauraron ɗan'adam ya tsaya

Hoton sama yana ganin katanga da rufin kwano, amma bai san gidan waye ba, kuma bai san a kan wane sharaɗi mutum ke zaune a ciki ba. Wannan ilimin a kan mutane yake, mai unguwa, jauro, maƙwabci, tsohon da ya san inda kukar da ta raba gonaki biyu take kafin a sare ta. Duk wahalar aikin a nan take.

A doka, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Cikin birni gwamna ke ba da haƙƙin zama da takardar C of O, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, a karkara kuma ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙin gargajiya. Sayarwa ko jinginar da fili mai C of O sai da amincewar gwamna. Haka yake a takarda. A unguwa kuwa yawancin ciniki da takardar yarjejeniya ake yinsa, mai saye da mai sayarwa da shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, fili ya wuce hannu huɗu ko biyar ba wanda ya leƙa ma'aikata.

To yanzu a ce mai tsara manhaja ya yi fom da gurbi ɗaya tak, sunan mai fili. Gidan gado fa, wanda magada goma sha biyu suka yarda kada a raba saboda mahaifiyarsu na ciki? Dole a rubuta suna ɗaya, kuma kusan kullum na babban wa za a rubuta. Yau ba matsala, kowa ya san gaskiya. Bayan shekara ashirin da shi ma ya rasu, 'ya'yansa za su fito da takarda mai sunan ubansu kaɗai, tumunin matar marigayi na farko da rabon 'ya'yansa mata duk ba su cikin kwamfuta, sai dai a koma kotu a nemo shaidu waɗanda wataƙila su ma sun riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya yi nufin zalunci a nan, gurbi ne kawai ba a tanada ba, kuma da an zauna da alƙalan kotun shari'a ko da mata biyar masu gado kafin a zana fom ɗin, a zaman farko za su faɗa.

Haka maganar take a gona. Akwai gonar gado, akwai ta saye, akwai aro, akwai jingina, akwai haya ta damina ɗaya, wani lokacin ma ƙasar ta mutum ce amma ɗorawar ko mangwaron da ke cikinta na wani ne. In ma'aikaci ya zo ya tarar da mutum yana noma ya rubuta shi a matsayin mai gona alhali jingina ce a hannunsa, an haifar da rigimar da babu ita. Sai burtali da mashaya, waɗanda ba na mutum ɗaya ba ne, kuma amfaninsu na lokaci ne, hoton da aka ɗauka da rani zai nuna wuri fetal kamar ba mai shi alhali da damina nan shanu ke bi. Gandun kiwo irin na Wawa-Zange yana da iyaka a takardar gwamnati, amma hanyoyin da ake bi a isa can da inda ake yada zango, ardo ne ya san su. Fadamun noman rani na wajen Dadin Kowa su ma kamanninsu a watan Agusta daban, a watan Fabrairu daban.

Ga kuma sunaye. Jiha ce mai harsuna da yawa, Fulfulde, Tangale, Waja, Tera, Bolanci, Tula da sauransu, ƙauye ɗaya kan yi suna biyu, ɗaya na mutanen garin ɗaya na ofis, kuma Sabon Gari ko Unguwar Sarki kam kusan kowace ƙaramar hukuma akwai. In rubutun sunan ya bambanta tsakanin taswirar ma'aikatar lafiya da ta ma'aikatar ƙasa, na'ura za ta lissafa su gari biyu.

Ko a cikin ofis ma akwai ilimin da bai shiga littafi ba. Tsofaffin awon filaye a Najeriya an yi su ne bisa ma'aunin da ake kira na Minna, GPS na zamani kuma da wani ma'auni na duniya yake aiki, bambancinsu a ƙasa kan kai mita gommai. In aka kwafe tsofaffin lambobi aka zuba ba tare da an daidaita ba sai fulotin mutum ya faɗa kan titi ko cikin na maƙwabcinsa a allo. Tsohon safiyon da ya shekara talatin da waɗannan fayiloli ya san wannan, ya kuma san wane shimfiɗin fulotai ne aka zana a takarda daban aka yanka a ƙasa daban.

Abin da aka gani a wasu wurare

Misali mafi kusa da mu na rigakafin shan inna ne. Da can ma'aikatan allura da taswirar hannu suke fita, wadda aka zana da biro, kuma an yi ta tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba da gangan ba, ba su cikin zanen ne kawai. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hoton tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, ana kuma ba ma'aikata waya mai nuna inda suka taka. Hoton ya fito da matsugunan da ba a sani ba, amma bai zo da sunayensu ba, bai kuma faɗi kowanne a wace gunduma yake ba, sai da aka bi gari-gari tare da ma'aikatan lafiya na yankin da masu unguwanni aka tattaro. Haɗuwar biyun ce ta yi aiki, kuma tana cikin abubuwan da suka taimaka har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar a Afirka.

Ruwanda kuma tsakanin 2009 da 2013 ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10. Ba su jira ƙwararrun safiyo sun auna kowanne ba, matasan yankin aka horar, aka ba su hoton sama da aka buga a babbar takarda, mai fili da maƙwabtansa su zagaya iyaka tare a zana a gabansu, daga baya a kafe sakamakon a bainar jama'a don mai ƙorafi ya kawo, kuma ana rubuta sunan miji da mata. Sai dai a can ma an ga wata matsala daga baya, mutane da yawa in sun yi ciniki ko rabon gado ba sa komawa su sabunta rajista saboda kuɗi da nisa, to sai rumbun ya fara tsufa. Wato jin ta bakin jama'a ranar farko kaɗai bai wadatar ba, sai an tambaye su nawa za su iya biya, kuma ina za su iya zuwa.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan a sa jama'a suna cewa gyaran kuskure a takardar gwaji kusan kyauta ne, amma gyaransa bayan an shigar da fayil dubu ɗari aiki ne na shekaru da shari'o'i. Suna ƙara da cewa tsarin da ma'aikaci bai gane ba ko ya ga yana ɓata masa lokaci, zai koma wa tsohon littafinsa a ɓoye, a wayi gari ana da rajista biyu masu saɓa wa juna. Sannan akwai maganar yarda, mutumin da aka zana iyakarsa a gabansa ya fi saurin karɓar sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba.

Masu ɗari-ɗari su ma ba maganar banza suke ba. Na farko lokaci da kuɗi, gwamnati wa'adinta shekara huɗu ne, kwangila ma tana da ranar ƙarewa, in aka ce sai an ji kowa a ƙananan hukumomi 11 na Gombe ko 20 na Bauchi aikin ba zai tashi ba. Na biyu, rumbun bayanai na buƙatar tsari ɗaya, ba zai yiwu Dukku ta yi fom ɗinta Kaltungo ta yi nata ba. Na uku daidaiton awo, GPS na waya kan kuskure da kamar mita 5 ko a fili ne, fuloti mai ƙafa 50 a 100 kuwa faɗinsa mita 15 ne da ɗan ɗoriya, ka ga kuskuren ya cinye kashi ɗaya cikin uku kenan, don haka suna ganin awon iyaka a bar wa masu lasisi da na'urorinsu masu auna har santimita. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta wa ke magana da sunan jama'a. In aka kira taro, masu ƙarfi ne ke zuwa gaba, kuma a wasu wuraren waɗanda ake tambaya iyakar fili su ne ake zargi da hannu a rikicin filin. Matar aure da ke kulle, ɗan haya, makiyayin da ya tafi kiwo kudu ba za su zo ba, amma za a rubuta cewa an tuntuɓi al'umma. Akwai ma ma'aikatan da tsohon tsarin ɓatan fayil ke yi wa amfani, in aka ce su tsara sabon, ba lallai su so ya toshe ƙofofin ba.

In aka auna, saɓanin bai kai yadda ake ɗauka ba, don kowane ɓangare a kan abu daban yake da gaskiya. Lissafin awo, tsaron na'ura da ma'aunin da za a bi aikin ƙwararru ne, ba a ƙuri'a a kansu. Amma waɗanne irin haƙƙoƙi za a rubuta, da wane harshe fom zai fito, a ina za a kafe sunaye, kwana nawa za a ba mai ƙorafi, waɗannan ƙwararre daga Abuja ko daga waje ba zai san amsarsu daga ofis ba. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar safiyoyi ta duniya da Bankin Duniya suka fito da shawarar a riƙa yin awo daidai da buƙata, tsakiyar birni inda taku ɗaya kuɗi ne a auna da tsanani, gonakin karkara kuma hoton sama da shaidar maƙwabta sun isa a fara, a inganta daga baya. Matsalar masu ƙarfi su mamaye taro kuma maganinta da aka gwada shi ne zama daban-daban, na mata daban, na makiyaya a lokacin da suke gida, da kafe sakamako a inda kowa zai gani ba a zauren mutum ɗaya ba.

Abin da zai shafi talaka

In tsarin ya yi kyau, mai sayen fili zai iya bincikawa kafin ya biya ya san ko an riga an sayar ko yana kan hanyar da gwamnati ta tsara ko bakin kwari, wannan kaɗai zai rage asara mai yawa. Takarda mai inganci tana iya zama jingina a banki, duk da cewa banki na duba wasu abubuwan banda ita. Wajen diyya ma akwai tasiri, domin a dokar 1978 in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ake biya galibi na gini ne da shuka da itatuwa, don haka abin da aka rubuta a kan filinka da sunan da aka rubuta su za a duba ranar biya.

Ɗaya gefen kuma, filin da ya shiga rumbu ya shiga lissafin kuɗin ƙasa, wannan gaskiya ne kuma yana cikin manufar jihohin, abin tambaya shi ne ko kuɗin ya yi daidai da ƙarfin mai gida a Bolari ko Kumbiya-kumbiya, kuma ko akwai hanyar biya kaɗan-kaɗan. Ga batun sirri, rumbun da ya haɗa sunanka da lambar wayarka da hoton gidanka da wurin da yake ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da ake fama da masu garkuwa da mutane. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ya san abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara in kuskure ne, amma wa zai iya buɗe wane shafi a cikin ofis, wannan wajen tsara manhaja ake yanke shi.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai haƙƙin da ba shi da takarda, magajiya a gidan da ba a raba ba, mai gonar da ya ba da aro ya tafi ci-rani, mutanen rugar da ta shekara arba'in a wuri ba a taɓa rubuta ta ba. Ga irin waɗannan ranar da ma'aikata suka shigo unguwa da na'ura ita ce ranar da ya kamata a same su a wurin, ko su wakilta wanda suka yarda da shi, da takardar ciniki ko ta rabon gado in akwai, da maƙwabtan iyaka ta kowane gefe. In gidan na magada ne a faɗa a bakin ma'aikacin a nemi ya rubuta hakan, in ya ce fom ba shi da gurbin, a nemi ya rubuta a gefe ya sa hannu, a ɗauki hoton shafin da waya kafin ya wuce gida na gaba.